Injin Kwalekwale a Bayan Gida

Abokan aikina na dā, waɗanda muka yi ritaya tare, sun haɗa baki suka ce ba a taɓa tayar da mataccen injin kwalekwale a Nyanya ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ɗaya daga cikinsu har ya tambaye ni ko a kwatar bakin tasha zan gwada shi.

Injin na yayana ne, Allah ya jiƙansa. Da shi yake ƙetarar da mata zuwa kasuwa a garinmu na bakin kogin Kwara. Bayan rasuwarsa injin ya daskare, kwalekwalen ya kwanta a gaɓa, matarsa kuma ta aiko mini cewa in har Babbar Sallah ta zo bai tashi ba, za ta sayar da jirgin, domin ba za ta ci katako ba. Na ce a ɗoro mini injin a mota. Fanshona ba zai sayi sabo ba, amma hannuna bai mutu ba.

Na kwance shi a bayan gida, na wanke kafireto, na samo fistan na hannu. Da aikin ya kai ga waya, na kira wani makaniken janareta daga Jikwoyi. Na gargaɗe shi cewa wannan inji da ruwan kogi yake sanyaya kansa, kada a tayar da shi a bushe.

"Baba, inji duk ɗaya ne," in ji shi. "Wannan ma janareta ne, kawai ya iya iyo."

Na shiga yin alwala. Kafin in fito ya ja igiya. Na ji ƙara, na ji ƙaurin roba. Robar famfon ruwa ta narke ƙurmus, shi kuwa yana murmushi yana cewa, "Ka ji shi ko, Oga?"

Ba mai sayar da wannan roba a duk inda na taka a Abuja. Ko'ina sai a miƙo mini ta mota. A ƙarshe wani direba ya kawo ta daga Lakwaja, bayan ya fara kawo wadda ba ita ba.

Sai batun ruwa. Na sa 'yan ga-ruwa suka cika mini duro, na je neman fulogi, na dawo na tarar da maiɗakina ta yi wanki da rabinsa.

"Alhaji, mutane ba su yi wanka ba, ƙarfe zai yi?"

Na sake cikawa, na zauna kusa da shi ina gadi. Na tsoma ƙafar injin, na yi bisimilla, na ja. A ja na uku ya kama, ruwa ya tsarto ta bayansa siriri kamar yadda ya kamata.

Na mayar da injin garinmu, yanzu kwalekwalen yana kan ruwa, ba a sayar ba, alhamdu lillahi. Sai dai labarin da ya iso mini shi ne wai wani makanike a can, wanda ya ɗaura injin a jikin jirgi, shi ya gyara shi. Har matar yayana ta aika masa da kaza.

Ba kaza nake nema ba. Ina so dai a rubuta cewa injin nan ya tashi a Nyanya, a cikin duro, da hantsin Alhamis ɗin da ta gabaci Babbar Sallar bana.