Jan Idon Rahmat

Duk unguwar Abbaganaram an san Ya Kaltum da abu biyu, turaren wuta da rashin yarda da mutum. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ta sayi itacen turare ba tare da ta karya ta shinshina cikinsa ba. Ko gaishe ta ka yi da fara'a sosai, sai ta dube ka ta gefen ido, tana jiran jin abin da ka zo nema.

Shi ya sa unguwa ta ɗauki surutu da ta fara kwaso matan da aka sallamo daga asibitin masu shaye-shaye tana koya musu sana'a. Wasu suka ce aikin banza take so a yi mata. Wasu suka ce wata ƙungiya ce ke ba ta wani abu a ɓoye. Ni dai na daina barin takalmina a zaure.

Cikinsu akwai Rahmat, wadda maganin tari na kwalba ya kashe wa aure. 'Yarta Ammatullahi tana hannun tsohon mijin, Ba'ana mai tireda, ya kuma rantse ba za ta ga yarinyar ba sai ya tabbatar ta daina. Ita ma Ya Kaltum ba wai ta saki jiki da ita ba ne. Kullum da safe sai ta matso da fuskarta wai za ta gyara mata ɗankwali, alhali bakinta take shinshinawa. Rahmat ta sani, ba ta taɓa kau da kai ba.

Wata rana da hantsi ina gidan Ya Kaltum, Ba'ana ya zo babu sanarwa. Rahmat ta fito daga wurin suyar turare idanunta jajir, hawaye na zuba, tana layi saboda jiri. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce dama an gaya masa, ya juya zai tafi. Gaskiya tausayinta ya kama ni, duk da ni ma zuciyata ta raya mini abin da ya raya.

Ya Kaltum ta tare ƙofa da jikinta. Ba ta rantse masa ba, ba ta roƙe shi ba. Ta ce sukarinta zai ƙone, ya taimaka ya juya mata kasko tukuna. Kunyar tsohuwa ta sa ya tsuguna ya karɓi ludayi. Ta zuba turare a kan itacen da ke cikin narkakken sukari, hayaƙi ya turnuƙe shi. Kafin a sauke kaskon yana tari, ido kamar gauta.

"To, Ba'ana, tashi ka koma shago," in ji ta. "Duk wanda ya tambaye ka me ka sha, ka ba shi amsa."

Ya miƙe ya nufi waje. Sai a bakin zaure ya tsaya, ya ce zai kawo yarinyar ran Juma'a, wuni kawai, kuma shi ma zai zauna.

Ran Juma'ar babu hayaƙi ko kaɗan daga gidan, har na leƙa ta katanga in ga ko lafiya. Ga dillalai na jiran kayan biki, amma Ya Kaltum ta hana a hura wuta tun ran Alhamis, ta zaunar da Rahmat a inuwa ta sa mata kwalli. Ta ce kayan su jira, so take yarinyar ta tarar da idon uwarta fari.