'Yar Bungudu a Cikin Kwamfutar Malam

Ban iya karatun boko ba, ban iya rubutu ba. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa mata. Na ce in ta ga ina kuka ta bar ni, ta dai rubuta.

Mijina, Allah ya jiƙansa, malamin asibiti ne. Ya ba da magani a Bungudu, ya ba da a Tsafe, da ya ajiye aiki muka zauna Gusau. 'Yan shekaru bayan an ba mu jiha, wata likita da za ta koma ƙasarsu ta bar masa kwamfutarta. Ya ajiye ta a zaure, ya ɗinka mata riga da sauran atamfata saboda ƙura.

Na tambaye shi me take yi. Ya ce in an faɗa mata nauyin yaro, sai ta faɗi yawan maganin ruwa da za a ba shi. Abin da ke wannan lissafi a cikinta wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi, suka bar shi a buɗe: kowa ya ɗauka kyauta, ya duba cikinsa, ya gyara, ya mayar wa sauran gyaran.

Na ce, "Malam, su waye iyayensu? Sun san mu?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke da kike raba irin gero har Furfuri, duk kin san waɗanda ke ci?"

Na daɗe ina tunanin mutanen nan. Ko suna da gona? Ko matansu na yi musu faɗa kan aikin da ba a biya?

Gyaran da Malam ya yi shi ne ya mayar da awon zuwa cokali, domin uwayenmu ba su da kofin awo. Yana buga takarda, a kai asibitocin ƙauye a manna a bango: yaro mai kilo kaza, ƙaramin cokali kaza. Amma bai yarda da hannunsa ba. Sai ya zuba wa kwamfutar yara arba'in da ya taɓa dubawa, kowanne da nauyinsa da awon da ya san daidai ne. Bai sa sunansu ba, garinsu kawai: ɗan Wonaka, 'yar Kwatarkwashi, haka. Duk sanda ya taɓa wani abu a ciki, sai ya danna maɓalli ɗaya, ita kuma ta bi yaran nan ɗaya bayan ɗaya da kanta. In duka sun fita daidai, ta yi ɗan kuka gajere sau biyu. In ko ɗaya ya kuskure, ta ja kuka mai tsawo. Daga tsakar gida ina surfe nake ganewa. In na ji dogon kuka, na san tuwonsa zai huce.

Ta farko a cikin arba'in ɗin 'yarmu ce. Wata biyar gare ta muna Bungudu, zazzaɓi ya kama ta Malam yana tafiya. Aka ce mini in ba ta cokali ɗaya. Ba wanda ya ce wane cokali. Na ɗauko babban da muke shan koko da shi, na ba ta safe da rana da yamma. Ba ta kai Juma'a ba. Malam bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko da fuska. Ni ce ban daina ɗora wa kaina ba, yau shekara nawa.

Da Malam ya rasu, ina cikin takaba, sai wani abokin aikinsa na Tsafe, dattijo ne mai son barkwanci, ya zo ya yi sallama. An kawo musu sabon maganin zazzaɓi, yana son ya ƙara shi a takardar bango, gobe ya kai. Dama Malam ya koya masa kwamfutar kafin ya rasu. Na ce ya shiga zaure.

Ina zaune bayan labule da carbi na ji dogon kuka. Aka jima, na sake ji. Na uku ne na kasa haƙuri.

Na ce masa, "Ba ta yarda ba."

"A'a, Hajiya! Ashe ke ma injiniya ce ba mu sani ba? Talatin da tara sun wuce lafiya. Ɗaya ce ta kafe. Ina jin marigayi ne ya yi kuskuren rubuta ta. Cire ta zan yi, in buga takarda kafin a ɗauke wuta."

"Wacce ce?"

Na ji yana matsar da kujera. "An rubuta 'yar Bungudu, kilo biyar."

Carbin ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Me Malam ya ce a ba ta?"

"Rabin ƙaramin cokali."

"Ita kuma kwamfutar yanzu me take cewa?"

Ya ce, "Cokali guda."

Na ce masa ban san abin da ke cikin akwatin nan ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma yarinyar nan ni na haife ta, ni na ba ta abin da ya fi ƙarfinta. In zai cire ta, ya bar mini zaure, kuma takarda ba za ta fita gidan nan ba. Ban san na ɗaga murya ba sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Bai ƙara barkwanci ba. Aka ɗauke wuta, ya je ya yi sallar azahar, ya dawo ya zauna jira. Bayan la'asar aka kawo. Can na ji ya ce, "Innalillahi." Ashe wajen ƙara sabon maganin ya taɓa wurin da ke raba cokali, sai duk rabi ya koma cikakken cokali. Manyan yara abin bai shafe su ba. Jarirai ne za a riƙa ba ninki biyu, daga Tsafe har duk inda takardar ta je.

Ya gyara, ya danna maɓalli. Ina ƙirga su a zuci, ko da yake ta fi ni sauri. Sai kuka gajere, sau biyu.

Da zai tafi ya ce zai kwafi aikin Malam a faifai, a aika wa mutanen can da suka yi lissafin ta hannun wani mai zuwa Kaduna, har da yaran arba'in. Na tambaye shi ko za su san wace ce ta farko. Ya ce ba za su sani ba, amma duk wanda ya taɓa lissafin, sai ya bi ta kanta kafin ya wuce.

Har yanzu nakan yi tunanin wani mutum a wata ƙasa mai sanyi, kwamfutarsa ta ja masa dogon kuka, ya duƙa yana karanta sunan Bungudu, yana mamakin ina ne. Da ina da hali da na faɗa masa tana da ɗan baƙin tabo a bayan kunnen hagu, kuma ta fara dariya.