Ranar da Ƙugiya Bai Ji "Tsaya" Ba

Sunan Ƙugiya ya bi shi tun yana ɗan shekara ashirin da biyu, lokacin da yake aikin ɗaura kaya a gindin injin ɗaga kaya a wajen gini. Shi ne mai tsayawa ƙasa ya zagaya wa tarin rodi sarƙa, ya maƙala ƙugiyar injin, ya ɗaga hannu a ja. Wata rana wani mai kamfanin kayan sauti ya same shi ya ƙi bari a ɗaga kaya saboda zobe ɗaya ya ɗan buɗe baki. Ana ta zaginsa, yana tsaye ya harɗe hannu. Mutumin ya ce, "Irin wannan mai taurin kan nake nema." Daga ranar ya koma rataye lasifika a ɗakunan taro, kuma ya yi shekara talatin da ɗaya a kai.

Aikin ba na maƙala akwati ɗaya a bango ba ne. Akwatuna goma ko sha biyu ake jerawa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowanne ya kusa nauyin mutum. A haɗa su da ƙusoshi, injin sarƙa ya ja su sama, su tsaya a kan kawunan jama'a har taro ya watse. Kowane zobe da kowace sarƙa da kowane ƙarfen rufi akwai iyakar nauyin da aka rubuta masa. Ƙugiya bai wuce firamare ba, amma waɗannan lambobin suna kansa tamkar sunayen 'ya'yansa. Idan an gama ratayewa aka kunna sauti don gwaji, sauran ma'aikata sukan ja da baya, shi kuwa yakan tsaya dab da akwatunan, hannunsa a jikin sarƙa, yana duba ko girgiza ta kwance wani abu.

A gida ma haka yake. Fankar falonsu zobe biyu ke riƙe da ita. Igiyar shanya ta taɓa shan tambaya a wurinsa, har matarsa ta ce, "Malam, zani ne fa, ba buhun siminti ba." Babbar 'yarsa, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ta taso tana kallon waɗannan abubuwa, kuma su suka kai ta karatun injiniya. Shekara biyar ta yi a wani gari mai nisa. Idan ta kira shi a waya, yakan ce, "Mamana, lafiya lau, lafiya lau, layin ba kyau, ga uwarki," ita kuma ta yi dariya ta ce Baba dai ba ya son waya.

Da ta gama ta dawo, sai ya zama masu ɗakunan taro sun fara neman takarda mai sa hannun injiniya kafin a rataye komai. Maigidan kamfanin ya ɗauke ta. Ma'aikata suka sa mata Injiniya, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Abin ya faru a makonta na uku, da hantsi. Babban ɗakin taro ne, kuma da ƙarfe huɗu za a cika shi da 'yan makaranta da iyayensu don rabon kyaututtuka. Ta kawo wa mahaifinta takardarta: akwati goma, kowanne kilo hamsin da takwas, firam ɗin da ke riƙe su saba'in, wayoyi talatin. Jimla ɗari shida da tamanin. Injin da ƙarfen rufin kuwa an rubuta musu tan ɗaya.

Ya bi layukan da ɗan yatsa, sannan ya dube ta. "Shi injin da kansa fa? Iska ne?"

Kunya ta kama ta, ta ƙara hamsin. Ma'aikata suka fashe da dariya.

"Injiniya, digiri na biyu ke nan," in ji Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa tare da Ƙugiya. "Kyauta ne, ba a biya."

Aka fara ɗagawa. Ƙugiya ne mai riƙe akwatin maɓalli, kamar kullum. Ya tsaya ta gefen hagu, idonsa a can sama inda sarƙa ke shiga injin. Dogo, wanda a ko'ina yakan manne a kafaɗarsa, an kira shi waje ya nuna wa direba inda zai juya mota. Ita tana tsaye ta dama, ta ɗan ja baya, shi ya sa ita ta fara gani. Kusurwar firam ɗin ta baya ta shiga ƙarƙashin wani dogon bututun ƙarfe da masu ɗakin suka jera fitilu a kansa.

Ta ce, "Baba, tsaya."

Akwatunan suka daina hawa, amma injin bai daina ja ba. Jerin ya fara karkata. Sarƙar ta miƙe ta soma wani irin kuka, injin yana ƙas-ƙas-ƙas. Duk wanda ya yi wata ɗaya a wannan aiki ya san wannan ƙarar: nauyi ya wuce iyaka. Ba kilo ɗari bakwai yake ja yanzu ba, ginin kansa yake ja.

"Tsaya! Baba, tsaya!"

Mutum huɗu suka ɗauka da ihu. Wani ya buga kujera da ƙasa. Ƙugiya yana tsaye, ya ba su baya, babban yatsansa a kan maɓalli, kansa a ɗage cikin natsuwa irin ta mai kallon hadari yana haɗuwa.

Ta so ta ruga, ƙafafunta suka ƙi. Tana gani bututun ya lanƙwashe, ƙusoshinsa biyu suka fizgo daga bango da garin siminti, wata ƙatuwar fitila ta kuɓuto daga can ƙarshensa. A ƙarƙashin wurin akwai wata dattijuwa mai shara tana goge kujerun sahun gaba. Ta gama da ɗaya ke nan ta matsa ta gaba, fitilar ta sauka a kan wadda ta bari. Kujerar ta rabe biyu.

Dogo ya shigo a guje ya fizge wayar wuta. Komai ya tsaya. Sai ƙura, da akwatuna goma suna lilo a karkace, da tsohuwar zaune a ƙasa tana ta salati, jini na bin ƙaurinta inda gilashi ya yanke ta.

Ƙugiya ya girgiza akwatin maɓallin, ya juyo da fara'arsa. "An ɗauke wuta ne?"

Wannan tambayar ta fi faɗuwar fitilar firgita ta. Ta ga lokacin da idonsa ya sauka kan fuskokinsu, sannan kan kujerar, sannan ya koma sama. Fara'ar ta zube.

Aka sauke jerin a hankali da wani injin. Direba ya kai tsohuwar asibiti, inda aka yi mata ɗinki huɗu. Injiniya ta zauna a bakin dandamali, da biro da takarda a hannu. Dogo ya zo ya tsuguna kusa da ita.

"Ki rubuta maɓalli ne ya maƙale," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Yana faruwa."

"Mun yi ihu, Dogo. Mu biyar."

Ya sosa ƙeya. "Ai ba ya ji. Kunnen hagun ya mutu gaba ɗaya, na daman ma sai kin zo gabansa yana kallon bakinki. Shekara uku ke nan, ko huɗu. Kin ɗauka son shi nake da nake liƙe masa kamar ƙaya? In na ji wani abu sai in taɓa gwiwar hannunsa, ya saki maɓalli. Yau ne kawai wancan direban na banza..."

"Maigida ya sani?"

"In ya sani, da kin same shi a nan?"

Ta fita baranda ta kira mahaifiyarta. Umma ta ce, "Ya rantsar da ni kada in gaya miki sai kin gama karatu. Da kika gama, ya ce sai kin samu aiki. Da kika samu, sai ya zama a wurinsu ne." Nan ta tuna da rediyonsa da aka daina kunnawa, da yadda yake zaɓen kujerar da ke fuskantar ƙofa, da yadda yake yin dariya bayan kowa ya fara. Wata uku tana cin abinci da shi a ɗaki ɗaya, ba ta lura ba.

Da ta koma ciki ta tarar da Maigida ya iso, yana tsaye kan tarkacen kujerar, hularsa a hannu. Masu ɗakin sun ce ba za a sake rataye ko da zare ba sai sun ga bayani a rubuce da sa hannunta. Ƙarfe ɗaya ta kusa. Dole jerin ya koma sama kafin uku, kuma in ta rubuta abin da Dogo ya ce, mahaifinta ne zai sake riƙe maɓallin, yau da gobe da jibi.

Ta same shi a bayan dandamali yana bin sarƙar da ta wahala zobe-zobe da yatsunsa. Ta zagayo ta tsuguna a gabansa yadda zai ga bakinta.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wannan sarƙar ta gama aiki," ya ce. "Da zoben sama. Kada kowa ya mayar da su akwati."

"Baba."

Ya ajiye sarƙar. "Shekara talatin da ɗaya, Mamana. Ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa faɗo mini ba. Idona ƙalau yake. Hannuna ƙalau."

"Da ƙarfe huɗu yara ne a sahun nan."

"Dogo zai tsaya kusa da ni."

"Yau ma ai cewa aka yi zai tsaya."

Ya ce, "To me za ki rubuta?"

"Abin da ya faru."

"Ke za ki sauke ni ke nan. Da biron da na saya miki."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, don kada ta rufe bakin da yake karantawa. Ta ce, "Ka yafe mini, Baba. Ba zan iya sa hannu in ce maɓalli ne ya maƙale ba."

Ta miƙe ta tafi wurin Maigida. Ta gaya masa a gaban kowa. Dogo ya juya baya ya tofar da yawu. Maigida ya buɗe baki, ya dubi Ƙugiya da ya fito yana tsaye daga nesa, ya dubi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

"Shekara huɗu?" ya ce. "Dukanku? A filin wasa, a wajen taron mutum dubu goma, duk da taɓa gwiwar hannu muke aiki? Inna lillahi!" Ya zauna a kujera kamar an ture shi.

Da ƙarfe biyu da rabi aka sake ɗagawa, da sabon inji da sabuwar sarƙa, a wani ƙarfen rufin da ta sake lissafa wa nauyi sau uku. An kwance bututun fitilun gaba ɗaya. Dogo ne ya riƙe maɓalli, aka ajiye mutum a kowace kusurwa. Ƙugiya ya duba ƙusoshin akwatunan ɗaya bayan ɗaya kafin a ja, don babu wanda ya iya ce masa kada ya yi, sannan ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Yara suka zo suka cika ɗakin, suka yi ta tafi. Ita tana tsaye a jikin bango awa uku, idonta a sama, ba ta ji sunan yaro ko ɗaya ba.

Maigida bai kore shi ba. Ya mayar da shi sito, inda ake ajiye kaya. Yanzu duk zobe da sarƙa da igiyar da za su fita aiki sai sun bi ta hannunsa, kuma yana da gwangwanin jan fenti da yake ɗiga wa duk abin da ya ƙi. An ce ya fi da tsanani. Amma ba ya hawa sama, ba ya shiga ɗakin taro, kuma mutumin da ya saba dawowa gida da labarin rufin da ya hau, yanzu yakan dawo ya ci abinci ya yi shiru. Dogo ya yi wata guda bai kira ta Injiniya ba, sai dai "ke".

Ita kuwa har yau in inji ya fara jan sarƙa, sai ta bi kusurwoyin firam ɗin da ido. Takan zagaya jerin sau biyu kafin ta yarda a taɓa maɓalli, ma'aikata suna jira suna kallon agogo.

Mahaifinta yana amsa gaisuwarta. Yana tambayarta akwati nawa aka rataye, a kan ƙarfe mai tan nawa. Maganar ranar ce ba su taɓa yi ba. Makon jiya ta samo masa takardar ganin likitan kunne, ta ajiye a gabansa a kan tabarma, tana jiran ya ture ta. Ya ɗauka ya karanta a hankali, ya ninke ya sa a aljihu.

"Zan je," ya ce.

"Zan nemi izini a wurin aiki in raka ka."

Ya girgiza kai. "Kina da aikin ratayewa ranar. Da uwarki zan je."