Irin Geron Kawu da Sabar Mai Katse Gaisuwa

Ni ban ce a yi shafin intanet ɗin ba. 'Yan ƙungiyar manoma ne suka same ni a shagona na kwamfuta a Batsari, suka ce guruf ɗinsu na waya ya zama kasuwa: wa'azi, hoton biki, tallan maganin basir. Labarin ruwa, wanda don shi aka buɗe guruf ɗin, ya nutse. Yawancinsu mutanen ƙauye ne da zama ya yi wa wuya suka dawo gari, gonakinsu kuwa suna can, Karare, Babban Duhu, Zakka, kuma hanya ba ta shiguwa don a je a gani kawai. Suna son in yi musu shafi, wanda ya rage a ƙauye ya hau tudun da sabis ke kamawa ya aiko da murya: an yi ruwa ko ba a yi ba, ya isa shuka ko bai isa ba.

Na rubuta shafin da yaren kwamfuta na PHP, na ɗora shi kan wata 'yar sabar haya, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet. A cikinta akwai manhajar da ke raba aiki ga ƙananan ma'aikata, kamar mai gona da 'yan ƙwadago. Kai kake rubuta mata ƙa'ida: ma'aikata nawa za ta ɗauka a lokaci guda, ta ajiye su zaune ko sai aiki ya zo ta kira su, da kuma iyakar haƙurinta ga wanda ya daɗe bai gama ba. Kowane ma'aikaci yana cin nasa wuri a memori, wato ƙwaƙwalwar sabar. Na auna, na ga biyar ne ƙarfinmu. Na sa a kira su sai da aiki, tunda duk rani shafin barci yake. Aikinsu mai nauyi shi ne matse murya ta ƙanƙance yadda tsohuwar waya za ta buɗe ta. Na gwada da tawa: "An yi ruwa, ya isa shuka." Kafin ƙiftawar ido an gama. Sai na gajarta haƙurin manhajar: wanda ya wuce lokaci a sallame shi, a liƙa iya abin da ya yi.

Kuma na faɗa musu a taro, Allah shaida ne. Na ce kowa ya fara da ruwa, gaisuwa ta biyo baya.

Kawuna ne ya miƙe, ƙanen mahaifiyata, mutumin Zakka. "Kai ɗan nan, mi kake cewa? Mutum shi buɗe baki gaban manya shi ce ruwa, kamar akuya ta shigo gida? Ba a haife mu haka ba." Aka tafa masa. Ni aka bar ni da bakina, shi ya sa har gobe ban karɓi laifin nan ba.

Kawu yana da irin gero mai saurin nuna, wanda ya fito da shi ranar da suka bar Zakka. A jakar fata yake rataye a ɗakinsa. Ko lokacin da tukunyar gidan ke wuni a kife bai yarda an taɓa shi ba. Ba shi da wani bayan wannan.

Ranar da aka fara yayyafi a Batsari, da hantsi shagona ya cika, saboda ni ke da lasifika. Saƙon farko ya shigo daga Karare. "Assalamu alaikum. Ina kwananku? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya manya, yaya yara?" Dattawan da ke shagon suka amsa baki ɗaya, lafiya lau, lafiya lau. Mai magana ya kai "yaya jikin tsohu" sai shiru. An sallami ma'aikacinsa.

Na Babban Duhu ma haka. Na bayansa haka. Saƙo yana bin saƙo, jama'a suna amsawa cikin ladabi, har da masu ɗan rusunawa ga lasifika. Muka san lafiyar ƙauyuka kaf, ba mu san ko ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Takaici ya ishe ni har kunnuwana suna zafi.

Sai ga na Zakka, daga maƙwabcin gonar Kawu, wani Bafulatani mai shanu da noma. Murya tar, yana gaisuwa yana dariya, har aka katse shi.

"Kun ji ko?" in ji Kawu. "Mutum bai wannan fara'a bisa busasshiyar ƙasa. Ruwa ya sauka."

Na ce Kawu ka dakata, asalin saƙon yana nan, bari in gyara. Shugaban ƙungiya ya leƙo ta kafaɗata ya tambayi ma'aikata nawa ne a ciki. Na ce biyar. Ya riƙe baki. "Gayya da mutum biyar? Ƙara su, kar ka ba mu kunya." Na yi bayanin memori, aka taso mini da hayaniya, na ce to ku gani da idonku, na ninka su. Suka taso gaba ɗaya, wuri ya cika, sabar ta sandare, ko sallama ba ta amsawa. Kafin in tashe ta, Kawu ya ɗauko jakarsa ya hau babur.

Na mayar da su biyar, na tsawaita haƙurin manhajar, na bar saura su bi layi. Saƙon Zakka ya fito cikakke. Mutumin ya gama gaisuwa da Hausa, ya sake ta daga farko da Fulatanci saboda danginsa da ke saurare. Sannan ya yi albishir cewa saniyarsa ta haihu, mace, shi ne dariyar. Can ƙarshe ya ce, "Af, ruwa kam ko ɗigo, iska ce kawai. A gaya ma maƙwabcina kar shi taho."

Wayar Kawu ba ta shiga. Bayan la'asar ya dawo, jakar tana lilo ba komai.

"Na yi binne," ya ce. "Ba ni zuwa har bakin gonata in komo da iri a kafaɗa, mutane na kallo."

Wato ya zuba irin duka a busasshiyar ƙasa ya rufe. In ruwa ya yi jinkiri, zabi da tururuwa su yi biki. In ya zo kaɗan, ya tsiro ya ƙone. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Daga nan kullum da safe yana bakin shagona kafin in buɗe. Saƙon Zakka ya shigo, maƙwabci ya fara jero gaisuwarsa, Kawu ya sunkuya kan lasifika yana huci: "Lafiya lau! Lafiya lau! Duk lafiya muke, bawan Allah, ruwa fa?" Wata rana ma ya tambaye ni a asirce ko ba a iya maido da mai yankewar nan, amma ta riƙa yanke farko. Labarin ruwan dai ɗaya ne kullum, sai a ƙarshen saƙo yake zuwa, kuma babu. Na ga wuyan rigarsa yana ƙara yi masa yawa.

Wata safiya saƙon ya shigo, ma'aikaci ya gama da shi nan take. Na ɗauka wani abu ya lalace. Na kunna. Ƙara ce kawai, ruwa yana dukan kwano kamar zai fasa shi, sai muryar maƙwabcin yana ihu daga ciki: "Ya sauka! Har gwiwar hannu na tona!"

Shi ke nan saƙon. Kawu ya zauna a kan benci. Ya ce in sake kunnawa, na sake. Ya ɗaga bakin rigarsa ya goge fuska, ya daɗe bai sauke ba.

"Dubi mutumin nan," ya ce. "Ko ina kwana babu."