Mai Sunan Tsohuwa Ta Maƙale a Bututu

Na kawo yarana ɗakin wasan nan mai bututun roba kusa da unguwar Sabo, sai idona ya faɗa kan wani bawan Allah. Dogo ne, wuya kamar turmi, warin albasa na bin farar rigarsa. Ko ba a faɗa ba, buhunan kasuwar Bodija sun san kafaɗar nan.

'Yarsa ta maƙale can saman bututu tana tsala kuka, shi kuwa yana ƙasa yana ta "Ke! Ke!"

Ma'aikaciyar wurin, Bayarabiya, ta ce, "Baba, yaya sunanta? Bari in lallashe ta."

Yana sosa ƙeya. "Madam, sunan mahaifiyata gare ta. Bakina ba ya faɗa."

Na ce, "Malam, raɗa min, ai ni ba uwata ba ce."

Harara kawai na samu. Ga shi yana miƙo min hularsa, yana cusa kafaɗun nan cikin ramin da aka yi don 'yan shekara biyar. Roba sai ƙara take.

Can sai ga su sun sulalo tare, ta ƙanƙame wuyansa, yana cewa, "Yi haƙuri, Hajiya, na iso."