Amfilifaya a Cikin Zane

Ina gyaran rediyon mota a bakin boda, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Ban yi boko ba. Hannuna da kunnena su ne kayan aikina. Lokacin da aka rufe boda mutane da yawa sun tashi, ni ban tashi ba.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, direba ne mai jigilar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina. Kunnensa ɗaya ya mutu, kuma barci na satarsa a kan sitiyari. Ya taɓa faɗawa rami kusa da Magama, Allah ya yi da sauran kwana. Tun daga nan ya sa wa motar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, don in ba kiɗa na dukan ƙirjinsa ba, gyangyaɗi yake. Wata Lahadi ya zo ya ce abin yana ɗaukewa a hanya.

"Kai bawana, mi ka iya ne? Tashi ka duba."

"Kurma, ta ina ka san ya ɗauke?"

Na duba fis, lafiya lau. Na duba wayar batir da wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, na kankare tsatsa na ƙara ɗaurewa. Na taɓa sifiku, duk suna amsawa. Muka kunna har masu shayi suka yi ƙorafi, bai ɗauke ba. Ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo da jajayen idanu, ya ce ya farka ya ga motar tana cin gefen titi.

Na rufe akwatin kayana na ce mu je tare, amma sai ya yi lodi. Ni kullum wofi yake kawo mini motar. Aka danƙara buhunan aya har but ɗin motar ya ƙi rufuwa. Ba mu yi nisa ba kiɗa ya mutu. Na ce ya tsaya.

Muka sauke buhuna. Ga amfilifaya an naɗe shi da tsohon zanen matarsa, an ɗaure da igiya kamar ƙullin daddawa. Na sa hannu, na janye da sauri.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. In zan yi lodi nake rufe shi, kada buhu ya ƙuje shi. Abu mai tsada."

"To dafa shi kake. Shi ma iska yake sha. In ya ji zafi sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ya fi ka hankali."

A bakin hanyar na kwance shi, na mayar da shi ƙarƙashin kujerar gaba, na sa katako biyu ya ɗan tashi daga ƙasa. Muka kai Katsina kiɗa bai tsaya ba, kaina na sarawa, shi kuwa ido tar.

Har yau yana hanyar. Kafin in ga motarsa nake jin ta, sai in ɗaga hannu in ci gaba da aikina.