Kawu Sale da Dogaransa

Kun dai san Kawu Sale ba ya shiga lambun lemonsa sai da sallama. Ba mai gadi, ba kowa, amma sai ya tsaya a bakin shinge ya gyara hula ya ce, "Salamu alaikum dogarai, an tashi lafiya?" Dogaran nan kuwa ba kowa ba ne illa jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya, waɗanda ko ƙwayar wake ba su kai ba. Su ke cinye masa darɓa, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke lulluɓe sabon toho su tsotse shi har ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Lambun nan na bakin kogi shi ne cinsa da shansa, amma har ya koma ga Allah maganin feshi bai taɓa shiga cikinsa ba. In ka kawo maganar sai ya harare ka ya ce, "In kashe ma'aikatana da hannuna? Masu yi mini aiki kyauta?"

Kwalin ashana ba ya barin aljihunsa, don duk inda ya ga dogari sai ya kai shi lambu. Ranar wani ɗaurin aure a Guri, liman ya ɗaga hannu za a yi addu'a ke nan, sai ɗaya ya sauka a kan rawanin waliyyin amarya. Bawan Allah ya kai hannu zai kakkaɓe, Kawu ya yi wuf ya cafke hannun.

"Alhaji, don girman Allah kada ka motsa!"

Alhaji ya sandare, gumi ya keto masa, ya ɗauka kunama ce. Kawu ya lallaɓa ya tura ƙwaron cikin kwali, ya rufe, ya juya wajen liman. "Yauwa malam, ci gaba."

Sai kuma rigimarsa da Malam Isa, maƙwabcin gonarsa. Malam Isa ya yi wa tumatirinsa feshi, iska ta kwaso ta kawo wa Kawu. Washegari sai ga Kawu a ƙofar mai unguwa, wai an yi masa kisan kai a lambu. Mai unguwa ya miƙe yana salati.

"Innalillahi! Wa aka kashe?"

Kawu ya buɗe kwalin ashana cike da gawarwakin dogarai ya ajiye a kan tabarma. Wallahi mai unguwa sai da ya toshe baki da hannun riga don kada dariya ta ƙwace masa. Amma fa Kawu bai tashi ba sai da aka yanke hukunci: Malam Isa ba zai ƙara feshi ba sai iska ta juya baya ga lemo. Matarsa Inna Ladi ta ce, "Ni da zazzaɓi ya kusa kai ni, bai kai ƙarar sauro ba."

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu kuwa, mutane na loda awaki da buhunan gero a kwalekwale, sai ga Kawu ya taho cikin ruwa har ƙirji, ya ɗaga reshen lemo sama da kansa, dogarai jingim a jiki. Inna na tsaye a kan tudu da ƙunshin kaya ta ƙwala masa kira.

"Malam, ni fa?"

"Ke ai kin iya iyo!"

Bara ya rasu. Bana da bishiyoyi suka yi toho, darɓa ta rufe su baƙi ƙirin, ganye ya fara nannaɗewa. Hankalina ya tashi, don lemon nan kaɗai Inna ke da shi. Na aro injin feshi, na same ta a tsakar gida.

"Inna, in aka ƙara jira za mu rasa lambun nan."

Ta ce, "Habu, kawunka bai taɓa barin dogaransa ba. Ba su 'yan kwanaki."

Na jira, amma raina bai so ba. Wata safiya na shiga na juya ganye, sai ga dogarai nan jajur, sun duƙufa suna ta aiki. Ban san lokacin da na gyara hula na yi musu sallama ba, sai ji na yi hawaye ya zubo mini.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tausaya wa 'yan ƙananan halittunka, ya Allah ka tausaya masa, ka ba shi inuwar lambun da ganyensa ba ya nannaɗewa. Amin.